Ranar da Na Ce Matata Ta Tura wa Inna Baki

Ni ne ban kyauta ba. Gara in faɗi haka tun farko, kafin wani ya fara nema mini uzuri. Abin ya faru ne ba da daɗewa ba bayan an ba mu jihar Zamfara, kuma ba na jin zan manta da shi har ranar da za a kai ni makwancina. Yanzu gemuna ya yi fari, lambar motar da nake ja a lokacin ma ta ɓace mini, amma yadda matata ta dube ni a bakin titi ran nan yana nan a idona kamar jiya.

A lokacin ni direban haya ne, ina jan wata tsohuwar fijo tsakanin Gusau da Tsafe. Ni mutumin Tsafe ne, can mahaifiyata take, amma ina zaune a gidan haya a Gusau da matata da 'yarmu da ake goyo. Matata 'yar Kwatarkwashi ce, mace mai sanyin magana, wadda ko faɗa take yi sai ka matso kusa kafin ka ji.

Wata rana da azahar na dawo cin abinci, na tarar tana soya attaruhu. Ina cire takalmi sai na ji wani irin sauti daga madafa, kamar an shaƙe wuyan zakara. Na leƙa na gan ta a durƙushe, hannunta a maƙogwaro, idanunta sun firfito. Tana jan iska, iskar ta ƙi shiga. Na yi ta kiranta, ba amsa. Maƙwabta suka shigo, wannan na yayyafa ruwa, wannan na salati, ni kuma na ruga in juyo da mota. Kafin in kawo ta ƙofar gida, sai ga matata zaune tana share hawaye, muryarta a dishe, tana cewa a sauke tukunya kada miya ta ƙone. Na tsaya da makulli a hannu, ban san ko in yi murna ko in ji tsoro ba. Wanda ya kusa mutuwa ai ba ya tashi ya tambayi miya.

Daga ranar abin ya riƙa dawowa. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce asma ce, ya ba mu abin nan da masu asma ke fesawa a baki. Ta fesa har ya ƙare, ko gezau. Da na gaya wa Inna, mahaifiyata, sai ta girgiza kai ta ce, “Wanga ba ciwon asibiti ba ne. Ciwon da ka zuwa ya shaƙe mutum ya sake shi, ai ka san ko mi ne ne.” Na gane iska take nufi, kuma maganar ta zauna mini, domin ta fi ta mai kemis kama da abin da idona ya gani.

Aka yi mini kwatancen wani mai magani wajen Karakkai, can ƙasar Bungudu. Dattijo ne mai fara'a, kuma na yi imani da zuciya ɗaya ya karɓe mu. Ya zuba garwashi a kasko, ya barbaɗa wani gari, ya ce ta sunkuya a kai a lulluɓe ta da zane. Hayaƙin na tashi sai sautin nan ya fara, ya fi na kullum ƙarfi. Ta fara fizge-fizge tana neman yaye zanen. Dattijon ya ce, “Ka ji shi ko? Ya ji wuta. Riƙe ta da kyau, yaro, kada ka ji tausayi, ba ita ce ba.” Na riƙe. Da hannuwan nan nawa na danne zanen a kanta tana shure-shure, ina karanta duk addu'ar da na iya, ina jin kaina mijin kirki. A hanyar dawowa, da muka shigo Gusau, sai ta ce mini a hankali, “Malam, ni ce fa. Ba kowa a ciki, ni ce.” Na ce mata ta yi shiru, ai ba za ta sani ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai muka tafi asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka saurari bayanta, aka ce huhunta lafiya lau. Likita dai huhu ne ya ce lafiya, ni kuma kunnena ya ji an ce ba abin da ke damunta. Na kai labarin tasha. Wani abokin aikina, wanda ba ya rasa ta cewa a kan mata, ya kwashe da dariya ya ce, “Ka ce dai madafa ce ba ta so. Ka lura, ya taɓa kama ta tana cin nama?” Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma na tafi da maganar gida.

Haka na zauna da zance uku a kaina. Da safe in ta yi tari sai in ce asma ce. Da rana in na tuna yadda ta yi a ƙarƙashin zane sai in ce iska ce. Da yamma in na dawo na tarar tana dariya da maƙwabta, sai zuciyata ta ce makirci ne. Ko wanne na kama sai ya suɓuce. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba, wato in zauna in tambaye ta yadda take ji.

Ita ce ta nace a koma asibiti, don an ce mata akwai wani likita da ke duba maƙogwaro. Lokacin ana tsananin wahalar mai, ranar kuma an ce wani gidan mai zai sayar. Sai na sauke ta a ƙofar asibiti na tafi bin layi. Da na dawo ɗaukarta na ga hannunta wayam.

Na ce, “Ina maganin?”

Ta ce, “Babu magani, Malam. Numfashi ya koya mini.”

Na ce, “Numfashi? To da can da me kike rayuwa?”

Ta yi murmushi, ta ce in bari mu je gida ta nuna mini. A gida ta zauna bakin gado, ta saki kafaɗunta, ta ɗora hannu a ciki. Ta shaƙi iska ta hanci gajeru-gajeru da sauri, kamar mai shinshinar abu, sannan ta tsuke baki ta turo shi gaba, ta riƙa fitar da iskar a hankali kamar mai hura kunu mai zafi. Ta ce likita ya ce ta riƙa yi kullum tun tana lafiya, don jikinta ya saba, in abin ya taso kada ta tsaya tunani. Ya ce ta guji hayaƙi da ƙamshi mai ƙarfi, in maƙogwaro ya yi mata ƙaiƙayi ta kurɓi ruwa maimakon gyaran murya.

Na dube ta da bakin nan a ture, na fashe da dariya har da riƙe ciki. Na ce yini guda a asibiti, abin da aka samo ke nan, a koya wa mace tura baki? Daga ranar ba ta ƙara yi a gabana ba. Sai dai wani lokaci in hango ta bayan ɗaki, goyo a baya, tana yi ita kaɗai. Na kuma lura abin in ya taso ba ya daɗewa kamar da. Amma da yake na riga na yi dariya, sai na ce a raina hayaƙin Karakkai ne ya fara aiki a makare.

Ana haka ƙanwata ta haihu a Tsafe, muka tafi suna. Gida ya cika. Bayan azahar Inna ta aiko a kira ni in gaida yayarta, wadda ta zo daga nesa, tsohuwa mai kaifin harshe da kowa ke shakka. Na tsaya daga bakin ƙofa na durƙusa. Ɗakin cike da mata, kowa ta sha turare, ga kaskon turaren wuta a tsakiya yana tuƙa hayaƙi. Sai Inna ta ce a kira matata ita ma ta zo yayarta ta gan ta.

Ta shigo da sallama, ba wurin durƙusawa sai gefen kaskon. Ta fara gaida tsohuwar, “Ina wuni, Inna, an zo laf…” sai muryar ta yanke. Na ga hannunta ya tafi wuya. Sai ta kawar da fuska gefe, ta fara shaƙa ta hanci, ta turo baki, ta shiga huci a hankali.

Tsohuwar ta ce, “Lafiya lau, ɗiyata. Ya mai jego?” Shiru. Ta sake cewa, “Ke, da ke nike.” Matata dai fuska a kawar, baki a ture, sai huci. Tsohuwar ta juya wajen Inna ta ce, “Ikon Allah. Wagga ce surukar taki da kike yabo?”

Na ga fuskar Inna ta canza. Ta ce, “Ni kike tura wa baki? Cikin ɗakina, gaban yayata? Mi na yi miki?”

A nan laifina yake, kuma ba zan rufe shi ba. Duk ɗakin nan ni kaɗai na san abin da take yi. Na gan shi a bakin gado, na gan shi a bayan ɗaki. Magana ɗaya ce za ta fitar da ita. Amma idanun matan nan duk sun dawo kaina, kowa na jira ta ga ko ɗan Inna namiji ne. Na ji kunyar in buɗe baki in ce likita ne ya koya mata, na san dariyar da za a yi, don ni ma na yi ta. Kuma wani gefe na zuciyata yana raɗa mini, to in da gangan take fa? In ta fake da ciwon ne? Sai na ji muryata ta fita da ƙarfi, “Tashi ki ɗauki mayafinki. Gidanku za ki.”

Ni na kai ta da kaina. Don rashin ta ido har fasinja na ɗauka a tashar Tsafe, wai kada man ya tafi a banza. Na tsaya a bakin titi daidai Kwatarkwashi, ko cikin gari ban shiga da ita ba. Ta fito, ta gyara goyonta, ta sunkuyo ta taga. Muryarta a dishe ta ce, “Malam, ai ka san abin da nake yi.” Na ja mota.

Abin da ban yi tunani ba shi ne hanyar neman abincina ta gaban garinsu ta bi. Kullum in zan tafi Tsafe dutsen nan na Kwatarkwashi yana kallona, in zan dawo yana kallona. In fasinja ya ce a sauke shi a nan, sai in tsaya can gaba don kada wani ya gane ni. Ban sake ta ba, ban kuma je biko ba. Mahaifinta bai aiko ba, shirun nasa ya fi zagi ciwo. A tasha wasu na cewa na yi daidai, uwa ba abin wasa ba ce. Ina jin daɗin maganar na ɗan lokaci, in na koma ɗaki na ga tabarmar 'yata a naɗe sai daɗin ya gudu. Damina ta ja baya, gero ya nuna, ni ina nan ban san ko ni aka yi wa laifi ko ni na yi ba. Sai wata mata 'yar garinsu ta shiga motata, ta ce mini a fakaice 'yan uwan matata sun fara cewa in ba na so in ba ta takardarta. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Ana cikin haka wata safiya na sayi mai a jarka wajen 'yan bumburutu, na zo tasha zan juye a tanki. Yadda muke yi, a sa tiyo a jarka a zuƙa da baki har man ya taho. Na yi haka ba adadi. Ranar dai hankalina ba ya jikina, na zuƙa da ƙarfi, fetur ya watso mini har maƙogwaro. Na tofar, na yi tari, na je jan numfashi, sai na ji ƙofa a rufe. Ƙirjina na ja, ba abin da ke shiga. Sai na ji sautin nan, na shaƙaƙƙen zakara, daga wuyana yake fita.

Mutane suka taru. Wani dattijo cikin shugabannin tasha yana jijjiga ni yana cewa, “Kai, yi magana mana! Mi ya same ka?” Ina jinsa sarai, ina ganin kowa, hankalina garau, amma ko harafi ɗaya ba zan iya ba. Ban san lokacin da na fara shaƙa ta hanci gajeru-gajeru ba. Na tsuke baki na hura. Na sake. Can sai na ji wata 'yar iska ta sami hanya, siririya kamar zare, sai ta ƙaru. Da na dawo daidai na zube jikin taya. Dattijon ya sauke ajiyar zuciya ya ce, “Ɗan banza, ka tsorata mu. Ina yi maka magana kana tura mini baki kamar sabuwar amarya.” Tasha ta ɗauki dariya. Ni kuwa sai hawaye. Suka ɗauka zafin fetur ne.

Har yau ban san ko numfashin ne ya buɗe mini wuya ko da ma zai buɗe da kansa ba. Abin da na sani shi ne na ɗanɗana na ɗan lokaci abin da take sha tun bara, kuma ni ba wanda ya danne mini zane a kai.

Ranar ban yi lodi ba, asibiti na nufa, na jira har na ga likitan nan. Ya fara yi mini faɗa a kan zuƙar fetur, ya ce mutane na mutuwa ta haka, ya duba ƙirjina. Sannan na tambaye shi zancen matata. Ya ɗaga yatsu biyu ya ce a cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tsoka guda biyu, su ke ba da murya. In mutum zai ja iska sai su buɗe. Ya ware yatsun. Ya ce nata, in hayaƙi ko ƙamshi ko firgita ta taɓa su, sai su rufe a lokacin da ya kamata su buɗe. Ya haɗe yatsun. Shi ya sa maganin asma bai yi ba, don ba a huhu abin yake ba. Shaƙar hancin tana sa su ware, hurawar kuma tana hana su sake damƙewa. Ya ce in ta yi bai sake ta ba, a kawo ta da gaggawa. Na ce, to hayaƙin magani fa? Ya dube ni ya ce, “Wane hayaƙi?” Na ba shi labarin Karakkai. Bai zage ni ba. Ya dai cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

Wajen Inna na fara zuwa. Na zauna gabanta na yi mata bayani da yatsu biyu yadda aka yi mini, na ga ba ta gane ba, sai kawai na yi numfashin a gabanta. Ta ce, “Kai ma?” Ta yi dariya har da tafa hannu. Can dariyar ta tsaya. Ta ce, “Tsaya. Ran sunan nan, ka san haka take yi?” Na ce na sani. Ta dube ni ta ce, “Ka bar ni na ci mutuncin ɗiyar mutane gaban jama'a, kana tsaye. Ni ban gane ciwon da aka magani da iskar baki ba, har yanzu ban gane ba. Amma na gane kai. Tashi ka tahi. Ka ce mata in za ta zo gidan ga, ba ni kunna turare.”

Na sami surukina a zaure, an fara shigo da damman gero. Ya amsa gaisuwata ba yabo ba fallasa. Ya ce, “Sakinta ka yi?” Na ce a'a, Baba. Ya ce, “To mi ka yi?” Na ce wallahi ni ma ban san sunan abin da na yi ba. Ya ce, “Ni ba ni ka ajiye bakin titi ba. Wadda ka ajiye tana ciki, in ta ga dama ta fito.” Ya tashi ya bar ni da kaji.

Ta daɗe kafin ta fito. Ba ta biyo ni ranar ba, sai bayan an gama girbi, kuma da sharaɗin duk ranar komawa asibiti tare za mu shiga ɗakin likita. Muna tare har yau. Abin yana taso mata jefi-jefi, in ya taso nakan janye ta daga hayaƙi, in zauna gabanta mu yi numfashin tare, ko a gaban wa. Abin da na koya shi ne, in naka ya ce maka ga abin da yake ji a jikinsa, ka fara yarda da shi kafin ka je tambayar tasha. Na tambayi mai kemis, na tambayi mai magani, na tambayi abokai, mai wuyan kaɗai na tsallake. Kuma rashin fahimta ba shi ne babban laifina ba, don har yau ba duka na fahimta ba. Laifina shi ne ɗan abin da na sani ma na ɓoye shi saboda kunyar mutane.

Da ta fito zauren ran nan, ta tsaya jikin bango, 'yarmu na leƙena ta bayan zanenta kamar baƙo. Duk maganganun da na shirya a mota suka watse. Na sauko daga kan tabarma na durƙusa a ƙasa, abin da ban taɓa yi mata ba, na ce:

“Kin ce mini ke ce a ƙarƙashin zanen nan, na ce ki yi shiru. Kin nuna mini maganinki, na yi dariya. Ran suna na san abin da kike yi, wallahi na sani, na bar ki ke kaɗai. Ba ki tura wa Inna baki ba, ranki kike nema. Ni ne na yi laifi, ba ke ba. Don Allah ki yafe mini.”